Darasin Kimiyya: Daidaita Fari a Ɗakin Ɗaukar Hoto

Bayan Babbar Sallah, lokacin da bukukuwan aure suka yi yawa a Nguru, wata uwa ta kawo mini hoton 'yarta amarya da aka ɗauka a wani ɗakin hoto na cikin gari. Na san yarinyar, na kuma ga lafayar da ta sa ran nan, fara ce sol. A hoton kuwa lafayar ta fito kamar an tsoma ta a ruwan ganye, fuskar amarya, wadda wankan tarwaɗa ce, ta yi toka-toka kamar ta mai jinya. Uwar ta ce, "Malam, dubi yadda aka mayar mini da 'ya." Kyamarar da aka yi aikin da ita mai tsada ce, mai hoton kuma ba ya wasa da sana'arsa. Abu guda ya bari: bai gaya wa kyamara abin da ake kira fari a cikin ɗakin nan ba.

Darasinmu na yau ke nan, ɗalibai. A jikin kyamara za ku ga haruffa biyu, WB. Aikin da ke ƙarƙashinsu mu za mu kira shi daidaita fari. Za mu fara da haske, mu bi ta ido, mu shiga maƙera, sannan mu koma ɗakin hoto mu yi aikin da hannunmu.

Haske da launukan da ke cikinsa

Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, shi ya kafa hujja da gwaji cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. A shekarar 1666 kuma Isaac Newton, a Ingila, ya bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya warwatsu ya zama launukan bakan gizo. Ashe hasken da muke ce wa fari gauraye ne. Kowane launi da tsawon zangonsa: shuɗi yana ɓangaren gajere, wajen nanomita 450, ja yana ɓangaren dogo, wajen nanomita 650, kore yana tsakani. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Jar hula tana shanye yawancin launuka, ta mayar da ja. Farar riga kuwa kusan duka take mayarwa, ba ta zaɓe. Saboda haka abin da haske ya kawo mata shi za ta ba ka. In hasken ya karkata ga ja da rawaya, kamar na fitilar ƙwai, rawaya-rawaya za ta mayar. In ya karkata ga shuɗi, kamar na inuwar bango da hantsi, shuɗi-shuɗi za ta mayar. Ku riƙe wannan, a kansa sauran darasin ya ginu.

Ido yana gyara, kyamara sai an gaya mata

To me ya sa mu ba ma ganin rigar tana sauya launi? A bayan idonmu akwai ƙwayoyin ganin launi iri uku: masu amsa dogon zango, masu amsa matsakaici, da masu amsa gajere. Idan mutum ya shiga ɗakin da haskensa ya cika ja, ƙwayoyin da ke amsa ja sai su rage kaifinsu, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙarasa gyaran da abin da ta riga ta sani game da kayan da ke ɗakin. Wani masani Bajamushe, Johannes von Kries, ya bayyana wannan a shekarar 1902, kuma lissafinsa na nan a ƙarƙashin abin da kyamarori ke yi har yau. Ku gwada da kanku: takardar littafin da kuka karanta da azahar a tsakar gida, ku buɗe ta da dare a gaban fitilar ƙwai. Fara za ku ce a duka biyun, alhali hasken da ya shiga idonku ya sha bamban ƙwarai.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A awon hatsi haka ne. A awon launin haske kuwa, gwanintar idon ita ce ke ɓoye mana matsalar, don yana gyarawa tun kafin mu lura. Mai hoton amaryar nan ya duba da idonsa ya ga lafaya fara, kuma gaskiya ya gani. Kyamara ce ta ga wani abu dabam.

A cikin kyamara akwai faranti mai karɓar haske, sensa, mai miliyoyin ƙananan gurabe. Kowane gurbi ƙirga yawan haske kawai ya iya. Don a samu launi, an lulluɓe guraben da matatai masu launi bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistarsa a shekarar 1976: cikin kowane gurabe huɗu, biyu kore, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Kyamara tana samun lambobi uku ke nan, na ja, na kore, na shuɗi. Daidaita fari shi ne ta ninka lambar ja da wani adadi, ta ninka ta shuɗi da wani adadi, har abin da ba shi da launi ya fito da lambobinsa uku daidai wa daida. Iyakar lissafin ke nan. Wahalar tana wajen sanin adadin da za a ninka da shi, kuma wannan ya dogara ga hasken da ke ɗakin a wannan lokacin.

Maƙeri da ma'aunin Kelbin

Ku je maƙera ku tsaya ku kalli ƙarfe a wuta. Da farko baƙi ne. Da ya kai digiri ɗari biyar da 'yan kai sai ya fara ja mai duhu. Yaro na ƙara zuga, ja na ƙara haske, ya koma ruwan lemo, ya koma rawaya, har ya doshi fari. Maƙeri ba ya riƙe da ma'aunin zafi, launin ƙarfen ke gaya masa lokacin duka. Masana kimiyya sun bi wannan alaƙa ta zafi da launi, Max Planck ya fitar da lissafinta a shekarar 1900, aka mayar da ita ma'aunin launin haske.

Ana awon da Kelbin, sunan sarautar William Thomson, wanda ya kawo ma'aunin a shekarar 1848. Alamarsa K. Digirin da kuka saba ji a rediyo in kun ƙara masa 273 kun samu Kelbin. Zafin Afrilu a Nguru, in ya kai digiri 40, 313K ke nan. Idan aka ce haske 3200K ne, ana nufin launinsa ya yi kama da na abin da aka gasa har ya kai wannan zafi.

Ga lambobin da mai hoto zai haddace. Kyandir wajen 1900K. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, wajen 2700K. Fitilun ɗakin hoto masu zafi, 3200K. Rana tsaka, wajen 5500K, filasha kuma daga nan zuwa 6000K. Ranar da hadari ya rufe sama, wajen 6500K. Inuwar da shuɗin sama kaɗai ke haskawa, 7000K zuwa sama.

A nan ɗalibai kan ruɗe sau biyu. Ruɗu na farko: mun saba haɗa ja da zafi, shuɗi da sanyi, amma a wannan ma'auni ƙaramar lamba ce ja, babba ce shuɗi.  Ruɗu na biyu: idan ka ɗaga lambar K a kyamara, hoton sai ya ƙara rawaya. Dalili shi ne lambar da ka sa labari ne kake ba kyamara. Ka ce mata hasken 7000K ne, wato ya cika shuɗi, ita kuma ta zuba rawaya don ta kashe shuɗin. In labarin gaskiya ne, fari ya fito fari. In hasken 5500K ne ka ce 7000K, rawayar da ta zuba ba ta da abin kashewa, sai ta zauna a fuskar mutum.

Wani abu kuma da littattafai da yawa ke tsallakewa: tazarar Kelbin ba ta da nauyi ɗaya a ko'ina. Masu hoto suna raba miliyan ɗaya da lambar K, su kira sakamakon mayad. 2700K ya ba da 370, 3200K ya ba da 313, bambanci 57. Amma 6000K ya ba da 167, 6500K ya ba da 154, bambanci 13 kacal. Tazarar 500K ce a duka biyun, sai dai ta ƙasa ta ninka ta sama fiye da sau huɗu a ido. Wanda ke aiki da fitilu masu rawaya, ƙaramin kuskure ma zai bayyana a hotonsa.

Koren da Kelbin bai san da shi ba

Ma'aunin Kelbin layi ɗaya ne, daga rawaya zuwa shuɗi. Akwai layi na biyu da ya gitta shi, daga kore zuwa ja mai sirkin shunayya, kuma a nan lafayar amaryarmu ta faɗa. Doguwar fitilar fulorasan ba ta gasa komai. Tururin zaiba ne a cikinta, kuma yana fitar da kore mai ƙarfi a nanomita 546. Ido yana yafe wannan koren, sensa ba ta yafewa. Ko ka juya lambar K daga farko har ƙarshe ba za ka cire shi ba, don ba a kan layin yake ba.

Ƙwayayen LED, waɗanda suka cika shagunanmu tun da sola ta yaɗu, nasu tsarin dabam ne. Asalin haskensu shuɗi ne, ƙirar da ta sa Akasaki da Amano da Nakamura, 'yan asalin Japan, suka samu kyautar Nobel a shekarar 2014. Ana shafa wa shuɗin wani sinadari da ke mayar da wani kasonsa rawaya, haɗuwar biyun ta yi kama da fari. Masu arha a cikinsu ja mai zurfi ya yi musu ƙaranci, jan kuwa shi ne ran fatar ɗan Adam, shi ne kuma ran lalle. Abin da haske bai kawo ba, babu daidaitawar da za ta ƙirƙiro shi. Saboda haka in za ku sayi fitilar LED don ɗaukar hoton mutane, ku duba kwalinta ku nemi lambar CRI, wadda ke nuna yadda fitila ke fitar da launuka da gaskiya, iyakarta 100. Ku nemi 95 ko sama. Ƙasa da 90 ba ta hoton fuska ba ce, ko da an rubuta mata 5500K da manyan baƙaƙe.

Me ya hana a bar wa kyamara ta yi da kanta?

Akwai AWB, inda kyamara ke cankar hasken da kanta. A waje da rana tana ƙoƙari. Amma canka ce: tana duban abin da ke cikin hoton, ta ɗauka cewa in an gauraya launukansa za su tashi kusan ruwan toka, ko kuma ta nemi wuri mafi haske ta ce shi ne fari. Ku kawo wannan ɗakin hoto a mako na biki. Amarya ta tsaya da jan leshi a gaban jan labule, kyamara ta ga ja ya yi yawa, ta zaci laifin haske ne, ta janye ja daga ko'ina, har da fuska. Ƙawarta ta shigo da koriyar atamfa, cankar ta juya wani gefe. Fitila ɗaya, ɗaki ɗaya, minti biyar tsakani, amma a kundin biki fuskar amarya launi uku. A ɗakin hoto kai ke da iko da haske, don haka babu dalilin barin na'ura ta yi ta canka.

Aikin hannu

Matakin farko, wanda ya fi sauran nauyi: haske iri ɗaya. Kyamara gyara iri ɗaya take yi a duk faɗin hoto. In kuncin dama yana shan hasken taga mai 6000K, na hagu yana shan ƙwan silin mai 2700K, duk wanda ka gyara ɗayan zai ɓaci. Ka rufe taga da labule mai kauri, ka kashe fitilar silin, ka bar fitilun aiki kawai, su ma su zama iri ɗaya. Mai aiki da filasha yana da gwaji mai sauƙi: ya sa ISO 100, buɗewar ido f/8, saurin ɗauka 1/160, ya kashe filasha ya ɗauki hoto. In hoton ya fito baƙi ƙirin, hasken ɗakin ba ya shiga lissafi. In ana ganin mutum, akwai baƙon haske da sai an kore shi. Idan kuwa dole a haɗa filasha da fitilu masu rawaya, akwai leda ta musamman mai ruwan lemo da ake rufa wa filasha don ta sauko kusa da 3200K.

Mataki na biyu: abin awo. Ana amfani da kati mai ruwan toka wanda aka yi don wannan aiki, marar sirkin kowane launi, marar sheƙi. Wanda aka fi sani shi ne mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske. Akwai kuma allon ColorChecker mai gida 24, wanda ya fito a shekarar 1976. Layinsa na ƙasa gida shida ne daga fari zuwa baƙi, na biyu daga farin shi ake awo da shi. Ku nema wurin masu sayar da kayan hoto in kun shiga Kano.

Na ga masu hoto da dama suna miƙa wa yaro farar takardar rubutu, ko su auna da farar shaddar ango. Kada ku yi. Masu yin takarda da masu yin garin wanki suna zuba wani sinadari da ke karɓar hasken da ido ba ya gani ya mayar da shi shuɗi, don kaya su yi ta ɗaukar ido. Dabarar iyayenmu ce ta sa wa farin kaya bula, aka zamanantar. Kyamara in ta auna da irin wannan farin, shuɗi za ta gani, ta zuba rawaya, kowa ya fito kamar an shafa masa man ja. Wanda bai samu kati ba, ya sayi farin tef ɗin nan da masu aikin famfo ke naɗa wa bakin bututu, ya naɗa shi a jikin kwali ninki da yawa har kwalin ya ɓace. Wannan tef yana mayar da launuka kusan daidai, ba a kuma sa masa sinadarin sheƙi.

Mataki na uku: wurin riƙe katin. A daidai fuskar wanda za a ɗauka, yana kallon kyamara, babbar fitila na dukansa. Kada a riƙe shi a cinya inda shimfiɗar ƙasa ke haska shi, kada kuma a jingina shi da jar riga. A tabbata hasken bai ƙone shi ba. In katin ya yi fari fat har lambobinsa uku suka kai ƙarshen ma'auni, 255, kyamara ba ta da abin kwatantawa.

Mataki na huɗu: gaya wa kyamara. A Canon, ka ɗauki hoton katin ya cika tsakiyar allo, ka shiga jerin umarni inda ake saita fari na musamman, ka zaɓi wannan hoto, sannan ka mayar da WB kan alamar saitin naka. Mutane da yawa a wannan na ƙarshen suke mantuwa, su auna da kyau amma kyamara na nan a AWB. A Nikon, ka kai WB kan PRE, ka danne maɓallin har haruffan su fara ƙiftawa, ka ɗauki katin, ita za ta nuna maka ko awon ya karɓu. Wannan hanya ta fi sa lambar K da hannu, don tana gyara layukan nan biyu a tare, na rawaya da shuɗi da na kore da ja.

Mataki na biyar: dubawa. Ka sake ɗaukar katin, ka buɗe hoton a kwamfuta, ka ɗora alama a kansa ka karanta lambobi uku. In sun yi kusa da juna, misali 120, 119, 121, aiki ya yi. In ka ga 112, 126, 115, kore ya yi yawa. Duk lokacin da ka sauya fitila, ko lemar fitila, ko labulen baya, ka sake awo. Minti ɗaya ne.

Wanda kyamararsa ke ɗaukar RAW ya yi amfani da shi a aikin biki. Fayil ɗin RAW yana ajiye lambobin sensa kafin a ninka su, don haka a manhajar Lightroom taɓa katin sau ɗaya da alamar ɗigo ya isa, sai a kwafa saitin ga sauran hotunan da aka ɗauka a hasken. JPEG kuwa tuwon da aka riga aka tuƙa ne. Ana iya ɗan gyara shi, amma gyara mai yawa yana farfasa launin fata. Duk da haka ku saita tun a kyamara, don abin da mai biki zai leƙa ya gani a bayan kyamara shi zai fara yanke hukunci da shi.

Abin da garinmu ya ƙara a kan littafi

Masu rubuta littattafan hoto ba su zauna da hunturunmu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura, mai yawa daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta rufe shuɗin sama. Hasken da ke shigowa ta taga ranar hazo dabam yake da na ranar da sama ta washe bayan ruwan Agusta. Wanda ya dogara da taga, awon jiya ba zai yi masa yau ba. Ƙurar kuma tana kwanciya a farin ƙyallen akwatin haske da cikin lemar da ake sa wa filasha, a hankali su koma ruwan ƙasa, filasha mai 5600K ta fito da rawaya. In akwatin dama sabo ne na hagu ya shekara uku yana shan ƙura, ka koma matsalar haske iri biyu ba ka sani ba. A kakkaɓe, a wanke, wanda ya tsufa a sauya su tare.

Sai wuta. Ƙwai mai zare, in ƙarfin lantarki ya ragu, zaren ba ya kai zafinsa, haskensa ya ƙara ja. Awon da ka yi da wutar gari ba zai zauna ba in an koma janareta. Lantarkin Najeriya kuma yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fulorasan da LED masu arha suna ƙiftawa sau 100. Ido ba ya kamawa, amma in ka ɗauka da sauri kamar 1/500, wani hoto zai faɗa kan ƙiftawar, launinsa ya bambanta da na gaba da shi. Da irin waɗannan fitilu a tsaya a 1/50 ko 1/100. Bangon ɗaki ma fitila ne: koren fenti ko shuɗi yana mayar da launinsa kan kumatu da ƙasan haɓa. A yi masa farin fenti marar sheƙi ko ruwan toka.

Masu hoton fasfo a Gashuwa, waɗanda ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ke cika musu shago lokacin rajista, su suka fi kowa cin ribar wannan: haske ɗaya, bango ɗaya, awo ɗaya da safe, fuska ɗari su fito daidai.

Fatar mutum

Gida biyu na farko a allon ColorChecker na fata ne. Na fata mai duhu lambobinsa 115, 82, 68. Na fata mai haske 194, 150, 130. Ku lura: a duka biyun ja ne a sama, kore a tsakiya, shuɗi a ƙasa. Tsarin ɗaya ne, yawan hasken ne ya bambanta. Duk hoton da kuka ga koren fuska ya kamo ja, ko shuɗi ya haura kore, ku san an yi kuskure, ko mutumin baƙi ne ko fari. Kuma fata mai duhu ta fi saurin tona kuskuren, don wuraren sheƙinta, goshi da karan hanci da kumatu, launin fitila suke mayarwa kai tsaye kamar madubi.

Wannan sana'a tana da tarihin da ya kamata ku sani. Daga shekarun 1950 wuraren wanke hoto a Amurka sun riƙa saita injinansu da katin Kodak mai ɗauke da hoton wata Baturiya, wanda aka riƙa kira katin Shirley. Mai bincike Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ta nuna a rubutunta na 2009 cewa koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda hajarsu mai ruwan ƙasa ba ta fita da kyau a hoto, yana cikin abin da ya tura kamfanin ya gyara fim ɗinsa. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata dabam-dabam. Shekaru da yawa ma'aunin bai san da fuska irin tamu ba. Yau ma'aunin yana hannunku.

Shi ya sa abin da nake gani a wasu kundayen biki yake damuna. Ana tura haske fiye da kima, a janye ja, a ja hoton zuwa shuɗi, wai don amarya ta yi fari. Ba ta yin fari, toka take komawa, lallen hannunta ya mutu, gwal ɗin wuyanta ya zama kamar dalma. Yarinyar da aka yi wa dilka da halawa mako guda don fatarta ta yi sheƙi, a goge sheƙin da maɓalli ɗaya. Hoton nan shi jikokinta za su gani. In fuska ta yi duhu a hoto, maganinta haske ne: a matso da fitila, a faɗaɗa ta, a sa farin faifai a ƙasan haɓa ya cike inuwa. Bayan an samu fari na gaskiya, ba laifi a ƙara ɗan ɗumi kaɗan, 200K ko 300K, in mai hoto ya ga ya fi kyau. Amma ya fara daga awo, ya san ina ya taso da kuma nawa ya ƙara.

Daga allo zuwa takarda

Saura wuri ɗaya da aiki kan lalace. Allon kwamfuta shi ma fitila ne mai nasa launi. Tsarin sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996 kuma yawancin hotunan waya da intanet ke bi, farinsa wajen 6500K yake. A saita allo a nan, a kashe saitin nan na dare da ke sa allo rawaya don hutar da ido, kada kuma a yi gyaran launi a ƙarƙashin ƙwai mai rawaya. Masu buga hoto na ƙwararru da haske mai 5000K suke duba takarda. Mu da ba mu da wannan fitila, mu fita inuwa mai haske da hantsi mu duba. In kana aika hotuna wurin wanki, ka haɗa da hoton katin a cikinsu. In ya dawo ruwan toka, injinsu lafiya. In ya dawo da sirki, kana da hujja a hannu.

Aikin gida

Kowa ya samu mutum ɗaya a gida, ya sa farar riga, ya riƙe kati ko kwalin da aka naɗe da tef a gefen fuskarsa. A ɗauke shi a wuri uku: inuwar zaure da hantsi, ƙarƙashin ƙwan LED da dare, da gaban kyandir ko fitilar ƙwai. A kowane wuri hoto biyu, ɗaya da AWB, ɗaya da awon kati. Wanda ba shi da kyamara ya buɗe sashen Pro a kyamarar wayarsa, zai ga WB da lambobin K, ya juya har katin ya zama toka tsantsa, ya rubuta lambar da ya tsaya a kai. Ku zo da hotunan shida da lambobinku a darasi na gaba, za mu jera su a kan tebur mu karanta ja da kore da shuɗi na kowace fuska.